Tauraro Biyu a Gidan Inna Safiya

"Ba zan goge ba, Baba."

Tun da na yi wayo ban taɓa ce wa mahaifina a'a ido da ido ba, har ni kaina sai da na ji maganar ta yi min nauyi a baki. Yana zaune kan buzunsa a zauren gidanmu na Bakura, dawowarsa ke nan daga kara, kasuwar shanu, warin shanu ma bai bar rigarsa ba. A gefensa Tasi'u ne, ɗan Inna Safiya, ya sunkuyar da kai yana juya waya a hannu. Tun daga Mafara ya hawo babur don ya kawo ƙarata.

Baba ya ce bai ji ba, in maimaita. Na maimaita. Na ƙara da cewa duk abin da na rubuta ya faru, in Tasi'u ya ga ƙarya ko ta kalma ɗaya ce ya nuna ta yanzu a gaban Baba. Tasi'u bai nuna ba. Cewa ya yi shi ba gardamar 'yan boko ta kawo shi ba, alfarma ya zo nema, kuma wurin babba ya zo nemanta.

"Bushra, ba shawara na kira ki ba," in ji Baba. "Uban yaron ga ya yi shekaru yana yankan shanuna, bai taɓa cin amanata ba har ya koma ga Allah. Yau ɗiyata ce ta shiga gidan matarsa, ta sha ruwan gidan, ta fito ta kai sunan gidan duniya. Ɗauko wayarki."

Wayar tana hannuna. Na mayar da ita cikin hijabi na riƙe. Baba ya daɗe yana kallona, sannan ya ce in tashi in ba shi wuri. Ina fita na ji yana ba Tasi'u haƙuri, da irin muryar da yake yi wa mutane ta'aziyya.

Abin da ake so in goge layi ne 'yan kaɗan da tauraro biyu cikin biyar, da na sa wa gidan Inna Safiya a manhajar nan da ake kama gidan haya na 'yan kwanaki.

Mijin Inna mahauci ne a Talata Mafara. Kafin ya rasu ya gina wani ƙaramin gida jikin nasu, ɗaki biyu da falo, da ƙofa tsakaninsa da tsohon gidan, amma bai kai ga shiga ba. Tasi'u, da yake gyaran waya yake yi a kasuwa kuma idonsa a buɗe yake, ya sa wa gidan sola da tankin ruwa, ya ɗauki hotuna ya ɗora a manhajar. Baƙi suka fara zuwa: ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, masu aikin madatsar ruwa, wani lokaci masu sayen shinkafa daga kudu. Da gidan nan Inna take ci, da shi take sayen maganin hawan jini, da shi ta ajiye sana'ar wanke kayan cikin dabbobi da ta yi tun tana amarya. Duk wannan na sani kafin in kama gidan. Bakura da Mafara ba nisa, kuma sunanta ba baƙo ba ne a gidanmu.

A ƙarƙashin hotunan Tasi'u ya rubuta: "Gida duka naka ne. Ba wanda zai shigo maka. Shiru, wuta ba ta ɗaukewa." Wannan maganar na saya, ba gado da labule ba.

Ni malamar kimiyya ce a wata sakandare a Bakura. Na nemi gurbin karatun digiri na biyu a ƙasar waje, na tsallake duk matakan da aka sa, saura jarrabawar Turanci. Ana iya yin ta a gida ta kwamfuta, wani yana kallonka ta kyamara daga can inda yake. Dokarsu mai tsauri ce: kai kaɗai a ɗaki, ƙofa a rufe, kada wani ya gifta, kada ka yi magana da kowa. A gidanmu kuwa ko salla kake yi sai yaro ya hau bayanka, wuta kuma sai ta ga dama. Zuwa cibiyar jarrabawar tafiya ce mai nisa a kan hanyar da ba a bi da son rai a wannan zamani. Sai na kama gidan Inna na 'yan kwanaki, in yi bita a natse, in yi jarrabawata, in dawo.

Inna ta karɓe ni kamar 'yar da ta haifa. Tuwo safe da dare, ga fura da rana, duk da babu abinci a cikin yarjejeniyar. Kullum sai ta leƙo ta ƙofar tsakiya ta tambayi lafiyar Baba da Umma da ƙannena ɗaya bayan ɗaya. Na yi mata bayani tun ranar farko, na sake yi da safiyar ranar jarrabawa: daga la'asar zuwa magariba, don Allah, ko gobara ake yi kada kowa ya shigo. Ta ce to, Allah ya ba da sa'a. Na sa makulli a ƙofar waje da ta tsakiya. Ban san akwai wani makullin a bakin zanenta ba.

Da safiyar nan maƙwabcinsu ya rasu, wani tsoho Malam Ɗantala. Na ji kuka ta katanga, na leƙa na yi gaisuwa da hantsi bayan an kai shi, na dawo kan takarduna. Danginsa mutanen Maradun ne da Tsibiri, mota guda suka cika, yawancinsu mata. Niyyarsu su juya kafin rana ta yi sanyi. Amma wajen la'asar labari ya zo cewa an ga 'yan bindigar daji a hanya, direban ya ce ko za a ba shi motar kyauta ba zai tayar da ita ba sai gari ya waye. Gidan mamaci ya cika, gidan Inna ya cika. Saura mata da goyo suna tsaye a lungu da ƙunshin kayansu.

Ni ban san wannan ba a lokacin. Na yi salla da wuri, na zagaya da kyamara na nuna wa mai sa ido kowace kusurwa ta ɗakin kamar yadda ya nema, na fara. Sashen karatu ya tafi min daidai. Ina cikin sashen saurare, abin ji a kunnena, sai na fara jin motsi daga falo, kamar ana jan tabarma. Na ce a raina daga maƙwabta ne. Sai kukan jariri, kusa. Sai ƙofar ɗakin ta buɗe a bayana.

A ƙasan allon kwamfutar akwai ɗan akwati inda nake ganin fuskata. A nan na ga wata tsohuwa da ban sani ba ta shigo, doguwa, siririya, da carbi a wuya. Ta yi sallama. Na kafe idona a kan tambayar da ke gabana, ina fata ta ga ina aiki ta juya. Ta sake yin sallama, da ƙarfi. Ta matso har fuskarta ta shigo cikin akwatin kusa da tawa, ta dafa kafaɗata.

"Ke ɗiyar ga, ba a amsa sallama gidanku?"

"Wa alaikumus salam, Iya."

Ban yanke shawarar amsawa ba. Bakina ne ya amsa, kamar yadda aka koya masa tun kafin in san baƙi da wasali. Ta ce yauwa, sannan ta tambayi inda buta take da inda gabas yake, don ba ta yi la'asar ba. Na nuna mata da hannu na faɗa mata. Kafin in juyo allon ya canza. An rubuta cewa an dakatar da jarrabawar saboda shigowar wani da magana da shi.

Na rubuta wa mai sa idon bayani. Ya ce ba shi ke yanke hukunci ba, za a duba. Daga baya an duba: an soke sakamakon, an hana ni sake zama har wani lokaci mai tsawo, na ɗaukaka ƙara ba a karɓa ba. Kafin wa'adin ya cika an rufe gurbin karatun. Amma tun a ranar na san ƙarshen zancen, don na karanta dokar har na haddace ta.

Da na fito falo na tarar da mata sun cika shi, wasu na salla, wasu na shayarwa. Inna Safiya na tsakiya tana raba tabarmi. Da ta gan ni ta ce ai ta gargaɗe su kada su taɓa ƙofar ɗakin, tsohuwar ce ba ta ji sosai. Na ce mata an soke jarrabawar. Ta ce ayya, to in sake yi gobe, ta ba ni gidan kyauta har in gama. Ta wuce ta ci gaba da rabon tabarmi.

Ban yi faɗa ba, ban kori kowa ba. Na shiga banɗaki na kunna famfo na yi kukana, na wanke fuska, na fito na yi wa matan gaisuwa ɗaya bayan ɗaya. Da aka kawo tuwo ni na zuba musu. Tsohuwar, Iya Hauwa'u, ashe yayar mamacin ce. Na bar mata gadon don ƙafarta na ciwo, ni na kwanta a ƙasa. Ta ba ni labarin yadda ta goyi Ɗantala yana jariri, yanzu ga shi ya riga ta. Da gari ya waye, kafin motarsu ta tashi, ta kwance bakin zanenta ta ba ni ƙunshin daddawa, ta sa min albarka, ta ce ba a cika samun 'yan boko masu ladabi kamata ba.

A motar komawa Bakura manhajar ta tambaye ni yaya na ga gidan. Daddawar na cikin jakata, ƙamshinta ya cika min hanci. Na rubuta cewa wuta da ruwa lafiya lau, gidan da tsafta. Amma an ce gidan duka na mai haya ne, kuma ba haka ba ne: mai gidan tana da wani makulli, ta buɗe ta shigo da mutane da yawa ba tare da ta tambaye ni ba, bayan na roƙe ta kada a shigo, kuma na yi asarar jarrabawa saboda haka. Na danna tauraro biyu na tura. Ban rubuta cewa rasuwa aka yi ba, ban rubuta zancen hanya ba. A lokacin ba na son kowa ya ba ta gaskiya.

Da zuciyata ta ɗan sauka na koma don in ƙara wannan. Manhajar ba ta yarda a gyara sharhi bayan ya fita. Ko dai ya zauna yadda yake, ko in nemi a cire shi gaba ɗaya. Mai gida yana da damar ba da amsa a ƙarƙashi, kuma da Tasi'u ya yi bayani a natse wataƙila da abin ya zo da sauƙi. Sai ya rubuta cikin fushi cewa a garinmu ba a kulle ƙofa ga masu makoki, wanda bai so haka ba ya tafi otal. Da hannunsa ya tabbatar wa duk mai karantawa cewa ƙofar za ta iya buɗewa.

Gidan ba shi da sharhi da yawa, don haka tauraro biyun nan nawa suka ja shi ƙasa sosai. Ƙungiyoyin da ke turo ma'aikatansu suna da ƙa'idar ba sa kama gidan da ya gaza tauraro huɗu, balle wanda aka ce wani na riƙe da makullinsa, a jihar da kowa ke kwana da ido ɗaya. Waɗanda suka riga suka kama suka fasa. Sababbi ba su zo ba. Daga nan ne Tasi'u ya hawo babur zuwa wurin Baba.

Bayan ranar zauren nan, gidanmu ya yi min ƙunci. Umma ba ta yi min faɗa ba. Zama take yi a bakin gadona tana tsince wake, tana cewa mutum ba ya cin tuwon gida ya faɗi aibin gidan, ko da an zuba masa ƙasa a ciki. Na ce mata ban ce komai game da tuwon ba. Ta ce kin ga irinta ko, wannan bakin naki. Labarin ya zaga dangi, ya shiga makarantarmu. A wani suna da muka je, Yaya Na'ima, matar ɗan baffana, tana rabon abinci ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"A zuba wa Malama da nama sosai, kada ta fita ta ba mu tauraro ɗaya."

"Gishiri ya ɗan yi yawa, Yaya," na ce, "amma zan ba ki uku don zumunci."

Aka yi dariya, wasu da ni, wasu a kaina. Na zauna da kwanon a gabana har aka watse, loma biyu kawai na iya haɗiyewa.

Abin da ya fi ci min rai shi ne babu wanda ya tsaya a kan jarrabawata. Duk wanda na faɗa wa sai ya ce Allah bai nufa ba, rabon wani ne. Na yarda, ni ma Musulma ce. To amma me ya sa da baƙi suka daina zuwa gidan Inna ba wanda ya ce Allah bai nufa ba? Wannan kowa ya san wanda ya jawo shi, har da sunan ubanta. Shekarun da na yi ina karatu da fitilar waya, ina tara ɗan albashina, duk an naɗe su an ajiye a gefe kamar tabarmar da aka gama zama a kai. Da wannan nake riƙe kaina in an taso ni. Kuma nakan tuna wata mace da ban sani ba, ma'aikaciyar jinya ko mai ɗaukar bayanai, da za ta karanta "ba wanda zai shigo maka" ta kwanta ita kaɗai a garin da ba nata ba. Tana da haƙƙin sanin akwai makulli na biyu.

Amma in na gama jera wa kaina hujjojin nan, sai in tuna matan nan tsaye a lungu da goyo, rana na faɗuwa, hanya ba ta biyuwa. Na sha tambayar kaina, da ni ce da makullin me zan yi? Amsar ba ta taɓa canzawa ba. Da na buɗe.

Inna Safiya kuwa ba ta taɓa aiko min da ko kalma ɗaya ta ƙorafi ba. In wani ya zo daga Mafara sai ya ce Inna na gaishe ki, tana tambayar karatu. Wannan gaisuwar ta fi zagin Tasi'u zafi. Ita ce ta sa wata Talata, ranar kasuwa, na shiga mota na tafi ba tare da na faɗa wa kowa ba.

Na same ta a tsakar tsohon gidan, zaune kan kujera 'yar tsugunno, baho biyu a gabanta cike da tumbi da hanji da aka kawo daga mayanka. Tana juya hanjin tana matse shi cikin ruwa, yatsunta sun kumbura. Da ta gan ni ta yi murmushi, ta ce a kawo min tabarma, ta nemi afuwar ba za ta ba ni hannu ba. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo: Baba, Umma, ƙannena, makaranta, gajiya, hanya. Tasi'u ya shigo muna cikin haka, ya tsaya jikin bango.

Na faɗi abin da ya kawo ni. Na ce zan cire sharhin yanzu a gabansu, da sharaɗi ɗaya cikin biyu. Ko Inna ta yi alkawarin duk wanda ya kama gidan za a ba shi makullan duka har ya tafi, ko Tasi'u ya gyara bayanin gidan ya rubuta gaskiya, cewa mai gida na da makulli kuma in larura ta taso a unguwa za ta iya shigo da mutane. Tasi'u ya ce na biyun daidai yake da rufe gidan, babu ƙungiyar da za ta karanta haka ta turo mutum. Ya juya wurin uwarsa ya ce ta yi alkawarin kawai, ai magana ce, mutuwa da rufewar hanya ba kullum suke haɗuwa rana ɗaya ba.

Inna ta ɗauraye hannunta, ta goge da zane.

"Bushra, in na ce miki na bari, na yi miki ƙarya. Gobe in aka yi mutuwa, mata suka rasa wurin kwana, buɗewa zan yi. Ko wane ne ciki. Ɗaki na tsaye da rufinsa, ɗiyan mutane na waje, in kwanta in yi barci? Mi zan ce ma Allah?"

Tasi'u ya ce Inna don Allah. Ta ce ya yi mata shiru, ba da shi take ba.

Ta ce an karanta mata abin da na rubuta, ta sa an maimaita, ba ta ji ƙarya a ciki ba. Abu ɗaya kawai ya rage, ban ce mutuwa aka yi ba. Na ce haka ne, na so in ƙara daga baya abin ya ƙi. Ta gyaɗa kai. Sannan ta tambaye ni yaushe zan sake jarrabawar, don kullum tana sa ni a addu'a. A nan na gane ba wanda ya taɓa yi mata bayanin abin da ya biyo baya. Na faɗa mata: an hana ni sakewa, gurbin ya rufe, an ba wani, tafiyar ta fasu.

Ta tsayar da wankin tana kallon bahon. Ƙuda suka sauka a kan tumbin ba ta kore su ba.

"Ashe ba irin ta makaranta ba ce," ta ce a hankali. "Na ɗauka in an ɓata yau ana yi gobe. Ɗiyata, ki yafe mani wannan. Buɗe ƙofar ban yi nadama ba. Amma da na tsaya bakin ɗakinki da kaina, ban bar ma tsohuwa kurma ba."

Ita ce mutum na farko da ya nemi yafiyata, kuma ita ce ta ƙarshe. Na ce na yafe, har zuciyata. Wayar na kan cinyata, na riga na buɗe wurin da ake neman cire sharhi tun a mota. Na jira ta ce in goge. Da ta faɗa a wannan lokacin, ina jin da ban iya ƙi ba. Ba ta faɗa ba. Ta jawo bahon ta ci gaba da aikinta, tana tambayata ko zan ci dambu.

Na kalli wayar na daɗe. In na cire, abin da zai rage a shafin shi ne maganar Tasi'u, "ba wanda zai shigo maka", kuma yanzun nan mai gidan ta faɗa da bakinta cewa ba haka ba ne. Ita ta ƙi yin ƙarya don ta ceci abincinta. Ni kuma ana so in taya a rufe gaskiyar don in ceci sunana a dangi. Na kashe wayar na sa a jaka. Tasi'u ya ga abin da na yi, ya ja tsaki ya fita.

Na ci dambun, don ba a ƙin abincin Inna. Ta raka ni har ƙofar gida, ta ce in gaishe da Alhaji, in ce masa kada ya matsa min. Na kai saƙon. Baba ya saurara har na gama, ya ce Inna Safiya ita ce 'yar halak, sannan ya kunna rediyonsa.

Damina ta zo ta wuce ba wanda ya kama gidan. Tasi'u ya gwada rage farashi, ya gwada canza hotuna, bai canza layin nan ba kuma ni ban cire nawa ba. A ƙarshe ya sauke gidan daga manhajar, ya kwance solar ya sayar, aka ba wani ɗan kasuwa hayar gidan yana ajiye buhunan shinkafa, a kan abin da bai kai rabin abin da yake kawowa a da ba. Sharhina ya tafi tare da shafin. Yanzu ba ya gargaɗin kowa, don babu sauran wanda za a gargaɗa.

Har yau in aka tambaye ni ina cewa abin da na rubuta gaskiya ne, kuma ban goge ba. Ga abin da hakan ya ci. Inna Safiya, da tsufanta da hawan jininta, ta koma wanke kayan ciki kullum don ta ci abinci, kuma ni na mayar da ita. Baba yana aika mata da hatsi duk wata saboda kunyar abin da 'yarsa ta yi. Yana amsa gaisuwata da safe, amma ya daina kirana in karanta masa saƙo ko in zauna mu yi hira, ƙanena yake kira. Karatun bai dawo ba. Ina nan Bakura ina koyarwa, kuma in aiki ya kai ni Mafara nakan zagaye unguwarsu ta wata hanya, ba don za ta yi min gori ba, sai don na san za ta shimfiɗa min tabarma.